Allurar Sinawa tana maganin bushewar ido ga mai ciwon suga?

Ɗan Kusiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan mahaifiyarmu ce. Shekarunta 61, ta shekara 11 da ciwon suga. Tana shan metformin da glibenclamide, da aspirin ƙarami kullum, sai amitriptyline da dare saboda zafin tafin ƙafa. Tun da hunturu ya shigo take kukan ido: yaji, nauyi, kamar an watsa mata yashi, in ta fita iska kuma sai hawaye ya yi ta zuba. Mun saya mata kolir, wato maganin ɗigawa a ido, a kasuwa, ya yi kamar zai yi aiki kwana biyu, abu ya dawo. Yanzu wasu na cewa mu haye gadar Ngeli mu kai ta Njamena a yi mata allurar nan ta Sinawa da ake caccaka wa mutum a jiki, akupunktur, wai tana dawo da ruwan ido. Da gaske tana yi? Sau nawa ake zuwa? Kuma ba hatsari a soka wa mai suga allura kusa da ido?

Ma'aikacin ido, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar allura zan bar wa waɗanda suka fi ni saninta, amma kafin a kai can sai an san irin bushewar da ke damunta, domin ba iri ɗaya ba ce.

Hawayen da ke kwance a kan ido ba ruwa ba ne zalla, hawa uku ne. Na ƙasa wani yauƙi ne da ke manne shi da ƙwayar ido. Na tsakiya ruwan gishiri ne, yana fitowa daga wani ƙullutu da ke ɓoye ƙarƙashin ƙashin gira ta ɓangaren kunne. Na sama kuwa mai ne, daga 'yan kafofin da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido, sun haura 20 a kowace fata. Man nan shi ne marfin tukunya. In babu shi, ruwan sai ya bi iska, balle iskar hunturu da ba ta da ɗigon laima.

Ciwon suga yana taɓa duka ukun. Yana rage ruwan da ƙullutun ke bayarwa, yana sa man ya yi kauri ya toshe kafofinsa, yana kashe ƙwayoyin da ke yin yauƙin. Amma babbar ɓarnarsa a jijiya take. Yadda yake cin jijiyoyin ƙafa har ta riƙa zafi ko ta mutu, haka yake cin jijiyoyin ji na korne, wato gilashin nan mai haske da ke rufe baƙin ido. Su ne masu kai wa ƙwaƙwalwa labari cewa ido ya bushe, a ƙifta, a ƙaro ruwa. In suka raunana, ƙiftawa ta ragu, ruwan ma ya ragu. Tunda Hajiya har ta kai ga shan maganin zafin ƙafa, sai a ɗauka na idon ma sun taɓu har sai awo ya nuna akasin haka. Hawayen da kuke gani yana zuba kuma kada ya ruɗe ku. Ido ne ya ji ƙuna ya yi ambaliya, ruwa ne marar mai, gangarowa kumatu kawai yake yi.

Ga inda nake son ka natsu, ɗan'uwa. Mai suga da jijiyar idonsa ke mutuwa zai iya ce maka ya ji sauƙi alhali korne na ƙara lalacewa. Zafin ne ya daina isa gare shi. Ana samun mutum da gyambo a tsakiyar baƙin ido yana hira abinsa. Saboda haka "na ji sauƙi" kaɗai ba hujja ba ce, ko da allura aka yi ko da kolir.

Awon ba shi da wuya. Akwai gwajin Schirmer: 'yar siririyar takarda mai faɗin milimita 5, tsawon 35, ana lanƙwasa bakinta a rataya a fatar ido ta ƙasa minti 5. In ta jiƙe ƙasa da milimita 10 akwai alamar ƙarancin ruwa, ƙasa da 5 kuwa abin ya yi tsanani. Sai a ɗiga rini mai ruwan ɗorawa, fluorescein, a haska da shuɗiyar fitila a ƙirga daƙiƙa nawa shimfiɗar hawayen ke yi kafin ta tsage. Ƙasa da 10 ba daidai ba ne. Rinin nan ne kuma ke tona duk wani ɗigon rauni a korne. A taɓa gefen korne da zaren auduga a ga ko za ta ƙifta. A matsa bakin fatar ido a ga irin man da zai fito, ko garau kamar man gyaɗa, ko daskararre kamar man goge baki. A juya fatar sama a duba tabon amodari, domin a yankinmu tsofaffi da yawa na ɗauke da shi, kuma gashin ido guda ɗaya da ya juya ciki yana gogar ƙwaya ya isa ya kawo duk abin da ka lissafa. Wannan kam ba allura ba kolir, sai an gyara fatar.

Tunda za a je, a buɗe ido da magani a duba bayansa. Mai suga na shekara 11 ya kamata a ce duk shekara ana yi masa wannan.

Mai aikin gashin ƙashi, Njamena

Malam na Marwa ya share hanya. Ni zan faɗi yadda aikin allurar yake da iyakar abin da aka tabbatar.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Tawagogin likitocin Sin suna zuwa Kamaru tun 1975, Chadi kuma tun 1978, kuma a nan Njamena a Asibitin Abota na Chadi da Sin aka fi saninsu. Mutanenmu sun fi zuwa don ciwon baya, gwiwa, shanyewar ɓarin jiki da karkacewar baki. Na ido bai yaɗu ba.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce, ba ta da rami, ba a ɗura komai da ita. Ƙarfe ne marar tsatsa, kaurinsa kamar milimita 0.16 zuwa 0.30, wato bai fi gashin kai biyu zuwa huɗu a haɗe ba. A fuska ana amfani da gajeru, milimita 13 zuwa 25. A hannu da ƙafa har 40. Wuraren da aka saba sokawa don ido, da sunayensu na Sinanci, tunda haruffan lambobinsu sun sha bamban tsakanin littattafan Faransanci da na Turanci: Zanzhu a farkon gira ta wajen hanci, Sizhukong a ƙarshenta, Taiyang a ramin nan tsakanin ido da kunne, Tongziliao a gefen wutsiyar ido, Sibai a kan ƙashin ƙasan ido. Sai biyun da ke cikin kwarmin ido kansa, Jingming a kusurwar hanci da Chengqi a tsakanin ƙwayar ido da ƙashin ƙasa. Ana haɗawa da na nesa: Fengchi a ƙeya, Hegu a tsakanin babban yatsa da manuniya, Zusanli a ƙasan gwiwa, Sanyinjiao yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, Taixi a bayan idon sawu, Taichong a bayan ƙafa tsakanin babban yatsa da mai bi masa.

Mutum ya kwanta rigingine, a goge wurin da alkol, a soka, a bar alluran minti 20 zuwa 30. Sau 2 ko 3 a mako, na mako 4 zuwa 8. Ka ga zama 8 zuwa 24 ke nan, ka lissafa kuɗin abin hawa da tsayuwar kan iyaka da ƙurar hanya, wadda ita kanta ƙarin ciwo ce ga wannan idon.

To tana aiki? Gaskiyar magana, shaidar ba ta da ƙarfi. Yawancin gwaje-gwajen a Sin da Koriya ta Kudu aka yi su, da mutane kaɗan, na ɗan gajeren lokaci. Da yawa sun nuna waɗanda aka yi wa allura sun ɗan fi masu ɗiga hawayen kwalba (ruwan jiƙa ido da ake saya a famasi) samun sauƙi, takardar Schirmer ta ƙara jiƙewa kaɗan, shimfiɗar hawaye ta ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sai dai wanda ake kwantar da shi rabin awa ido rufe ana lallaɓarsa ya san ana yi masa wani abu, kuma wannan kaɗai na sa mutum ya ce ya ji dama. Inda aka gwada ta da allurar boge, wadda ake sokawa sama-sama a wurin da ba nata ba, bambancin ya ƙanƙance, wasu ma ba su ga bambanci ba. Sannan wasu gwaje-gwajen tun farko cire masu ciwon suga suka yi. Kuma in aka bi hankali, ana zaton allurar tana aiki ne ta hanyar motsa jijiya. Wanda jijiyarsa ce ta lalace, sai a rage buri. A ra'ayina, ƙari ce ga wanda ya riga ya yi abin da ya kamata bai gamsu ba, ba abin farawa ba ce.

In har za a yi, ga sharuɗɗa. A yage ledar allura a gabanku, a jefar bayan an gama. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Chadi da Kamaru, allurar da aka jiƙa a alkol aka maimaita tana ɗaukarsa. Masu yawo kasuwa da akwati da 'yar na'ura mai wuta, ko a kyauta kada ku yarda. A gaya wa mai yi tana shan aspirin, kuma a ce masa ya bar Jingming da Chengqi. Wurin cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, allura na shiga sai jini ya taru, ido ya kewaye da baƙi mako ɗaya zuwa biyu, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya taɓa ƙwayar idon. Ƙwararre yakan ture ƙwayar gefe da yatsa, ya shiga a hankali ba murzawa, ya danne da auduga minti 2 bayan ya zare. Duk da haka ga mai shan maganin tsinka jini, na kan ƙashi sun wadatar. Kada kuma a tsayar mata da aspirin don allura, sai da izinin likitanta.

Ɗan Kusiri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin kolir ɗin, an rubuta dexamethasone da neomycin. Wata biyu ke nan tana ɗigawa safe da yamma. Shi ma matsala ne?

Mai famasi, Garwa

Subhanallahi. Ɗan'uwa, wannan ya fi maganar allurar gaggawa. Dexamethasone kortizon ne. Yana kwantar da ja da yaji nan take, shi ya sa kasuwarsa ke ci, amma ɗiga shi makonni yana ɗaga matsin cikin ido ga wasu mutane har ya kai ga hawan jinin ido, yana gaggauta yanar ido, yana hana raunin korne warkewa, yana kuma ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa a ɓoye. Masu suga na cikin waɗanda ya fi yi wa illa. Neomycin ɗin ma, in an daɗe a kansa, yakan ƙona saman ido. A cikin makon nan a kai ta a auna matsin idon, a tafi da kwalbar a hannu. Tunda ta yi wata biyu a kansa, likita ne zai ce a yanke shi lokaci guda ko a riƙa ragewa. Haka masu "wanke ido ya yi fari", irin masu naphazoline, a guje su. Suna matse jijiyoyin jini ne kawai, in sun sake ja ya dawo ya fi na da.

Abin da ake nema a famasi shi ne larm artifisiyel, hawayen kwalba. Ka karanta abin da ke ciki, ba sunan kamfani ba: hypromellose 0.3%, carmellose 0.5%, ko hyaluronate de sodium 0.1 zuwa 0.2%. A fara da ɗigo 1 sau 4 a rana, a kan lokaci, ba sai ido ya fara yaji ba. Ɗigo ɗaya ya isa, aljihun ido ba ya ɗaukar na biyu. Da dare a sa mai kauri, carbomère 0.2%, yana dushe gani na 'yan mintoci don haka shi ne na ƙarshe. In ana sa magani biyu, a bar minti 5 a tsakani. In buƙata ta wuce sau 4 a rana, a koma wanda ba shi da sinadarin adanawa, musamman benzalkonium, domin shi kansa yana cin saman ido in ya yi yawa. 'Yan ƙananan robobin nan na sawa ɗaya su ne, sun fi tsada. Kwalbar da aka buɗe, bayan mako 4 a yar, sai in kwalin ya faɗi wani wa'adi dabam. A rubuta ranar buɗewa a jikinta. Bakin kwalba kada ya taɓa ido ko yatsa. Kuma kada a bar ta a taga ko aljihun mota lokacin bazara, yawancinsu ƙasa da digiri 25 ko 30 ake so a ajiye su.

In kafofin mai ne suka toshe, gashi ne maganinsu. Tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi kamar digiri 40, a ɗora kan ido rufe minti 5 zuwa 10, ana sake jiƙawa da ya huce, don in ya yi sanyi man ba ya narkewa. Sai a shafa fatar sama daga sama zuwa ƙasa, ta ƙasa daga ƙasa zuwa sama, a goge bakin. Sau 1 ko 2 kullum, kuma sai an yi wata guda kafin a yanke hukunci. Wani ne zai gwada zafin ruwan a cikin damtsensa, ba Hajiya ba, hannunta na iya yi mata ƙarya.

Sannan amitriptyline. Yana cikin magungunan da ke busar da baki da ido. Haka chlorphéniramine na mura da ƙaiƙayi, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Kada ta daina da kanta, amma a gaya wa likitan suga, wataƙila ya rage ko ya canza. Kwalli ma a huta da shi tukuna, a kan bakin kafofin man nan ake zizara shi. Fanka kada ta fuskanci fuskarta in tana barci, ta nisanci hayaƙin murhu da na turaren wuta, in za ta hau babur ta sa tabarau mai rufe gefe. Masu tallar kafson man kifi kuma, wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna bai fi kafson man zaitun da aka ba ɗaya rukunin ba. Kuɗin ya fi amfani a hawayen kwalba.

Ma'aikaciyar jinya, sashen masu suga

Ina da ɗan gyara ga Malam na Njamena. Ya ce a bar na cikin kwarmin ido, ni kuma na ce na ƙafa sun fi ba ni tsoro. Taichong, Taixi da Sanyinjiao duk daga ƙwauri zuwa ƙasa suke, inda jini bai isa sosai ga mai suga da ya daɗe, inda kuma ba ta jin ciwo. Huda ƙanƙanuwa a irin wannan ƙafa takan zama miki, kuma mun san inda mikin ƙafar mai suga ke kai mutum. Kafin kowa ya kusanci ƙafarta da allura, a gwada jinta da zaren nan na roba mai danna fata da ƙarfin giram 10, a laluba bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu. In ji ya ragu ko bugun ya yi rauni, allura ta tsaya a gwiwa. Haka moksa, ganyen nan dangin tazargade da suke ƙonawa kusa da fata don ɗumama wurin, da fitilar zafi da ake haskawa: ba a yi wa mai mataccen ji, sai ta ƙone ba ta sani ba. Hayaƙinsa ma ba abokin busasshen ido ba ne.

Abu na biyu, glibenclamide yana faɗar da suga, balle ga dattijuwa. In ta sha da safe, ta fita ba kari, ta yi layi a gada ta yi layi a asibiti, za ta iya faɗuwa, a ce allura ce ta sumar da ita. Ta ci abinci awa 1 zuwa 2 kafin zama, a auna suganta da na'ura kafin a fara. Ƙasa da 0.70 g/L, a ba ta ƙwayar sukari 3 a ruwa, giram 15 ke nan, a sake aunawa bayan minti 15, a ɗage zaman. In ya haura 2.5, ko tana zazzaɓi, ko akwai ƙurji ko miki a jiki, shi ma a bari sai an daidaita.

Kuma ku nemo sakamakon HbA1c na ƙarshe, awon da ke nuna matsakaicin suga na wata 3. Ga yawancin mutane ana nema ya tsaya kusa da kashi 7, ga wasu tsofaffi likita kan sassauta zuwa 8. In nata 10 ne, jijiyoyin idon za su ci gaba da lalacewa ko allura nawa aka soka. Tunda ta daɗe a kan metformin, a duba mata bitamin B12, ƙarancinsa na ƙara ciwon jijiya.

Mai aikin gashin ƙashi, Njamena

Gyaranki daidai ne, Hajiya, na karɓa. Za a iya yin tsarin duka da na fuska, ƙeya da hannu, a bar ƙafa.

Ma'aikacin ido, Marwa

Ɗan'uwa, labarin dexamethasone ya sauya jerin abubuwan. Awon matsin ido da duban korne ne farko, a makon nan. In aka ga farin tabo a baƙin ido, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko ido ɗaya ya yi ja tana gudun haske, ko kwantsa mai ruwan ɗorawa ta yawaita, ranar za a tafi, ba a jiran gobe, ko da ta ce ba ya mata zafi.

In komai lafiya, a ba hawayen kwalba da gashi mako 6 zuwa 8 ba fashi. In bai wadatar ba, akwai sauran matakai a hannun likitan ido: doxycycline don kafofin mai, kolir na ciclosporine, ko toshe 'yar hudar da hawaye ke zurarewa hanci. Idan bayan nan kuna son gwada allurar, ku nemi a rubuta muku lambobi uku a karne, wato littafinta na asibiti, kafin zama na farko, Schirmer, daƙiƙun tsagewar hawaye, da yawan ɗigon rini a korne, a sake aunawa bayan zama 10 a wuri ɗaya, kusan lokaci ɗaya na yini. Ta ci gaba da ɗiga hawayen kwalbarta duk tsawon lokacin. Kuma ku lura da wata: in kun fara allura a Mayu, damina ta sauka a Yuni ko Yuli iska ta yi laima, idon zai yi sauƙi da kansa. Gwajin gaskiya sai a cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu.